Rukunin Jira

"Ba zan faɗa musu haka ba, Inna."

Malama tana zaune a bakin gado tana cusa ƙafarta ta hagu cikin takalmi. Ƙafar ba ta jin takalmin, sai da ta duba da ido sannan ta tabbatar ya shiga.

Mahaifiyarta na tsaye a ƙofar ɗakin da tsintsiya a hannu. "Ban nemi shawararki ba, Auta. Cewa na yi in sun tambaye ki, ki ce ban ɗaga komai ba. Kalma nawa ce wannan?"

"Huɗu. Kuma babu ta gaskiya a ciki."

"To sannu, mai boko. Ubanki ma haka ya yi ta fama da kafiya har ya bar mu."

Shekara uku ke nan da likitoci suka gano sunan ciwon Malama. Suna kiransa em-es. Garkuwar jikinta, wadda aka halitta don ta yaƙi cuta, ita ce ta juya tana gaigayar rufin jijiyoyinta na ƙwaƙwalwa da laka. Wata rana ƙafa ce za ta mutu, wata rana ido ya dushe, gajiya kuwa kullum tana nan. Inna ba ta taɓa kama sunan ciwon ba. "Abin nan" take cewa.

Wata shida da suka wuce asibitin koyarwa ya fara wani bincike, ana so a ga ko ɗaga nauyi yana kwantar da garkuwar jikin masu wannan ciwo. An tara mutum ashirin da biyu, aka ba kowa ambulan a rufe. Rabi za su riƙa zuwa ɗakin motsa jiki na asibiti, mai na'urori da na'urar sanyaya ɗaki. Rabi kuma za su koma gida su ci gaba da zamansu yadda suke, kada su fara wani sabon motsa jiki. Za a ɗebi jinin kowa a farko da ƙarshe a gwada. Waɗanda suka jira har ƙarshe, an yi musu alkawarin su ma za a ba su wata shida a ɗakin.

Malama ta buɗe ambulan ɗinta ta ga an rubuta: jira.

Ta jira sati biyar. Wata safiya ta yi sujada ta kasa ɗagowa. Inna ce ta zo ta kama ta ta ƙarƙashin hammata tana ja, su biyu suna nishi a kan dadduma, har bayan tsohuwar ya ƙage, ta kwana uku tana tafiya a sunkuye. A ranar Malama ta jawo akwatin marigayi mahaifinta daga ƙarƙashin gado, ta fito da duwatsun awo na ƙarfe da yake amfani da su a shagonsa: mai kilo ɗaya, mai biyu, mai biyar. Ƙananan tana zura su a tsohuwar safa ta ɗaure a idon sawu. Babban tana sa shi a jakar goyo, ta goya, ta tashi daga kujera ta zauna, ta tashi ta zauna. Kullum da asuba, kafin zafi ya taso. Duk abin da ta yi tana rubutawa a littafi mai bangon shuɗi.

Yau ce ranar ɗiban jini na ƙarshe.

"Wata biyar kina min nishi a ɗakin nan kamar mai naƙuda," in ji Inna. "Na yi shiru. Ga shi an zo bakin ƙofa. Can akwai injin, akwai sanyi, akwai mai tare ki in za ki faɗi. Nan wa ke tare ki? Ni? Da wannan bayan?"

Malama ta miƙe tsaye. Ta sa littafin shuɗin a jaka, ta naɗe sandarta ta ƙarfe ta cusa a gefe.

"Ko shayi ba za ki sha ba?"

"Sun ce kada a ci komai sai an ɗebi jinin."

"Wannan dokar tasu dai kin riƙe ta," in ji Inna, ta juya ta ci gaba da shara.

A tashar bas rana ta riga ta fara dukan kwanon rumfa. Zafi ba ya shiri da ciwonta. Kafin motar ta iso, idonta na dama ya soma ganin komai kamar ta bayan gilashi mai maiƙo. Da bas ɗin ta tsaya mutane suka yi caa a ƙofa, ita ta tsaya sai da suka rage.

"Hajiya, yi da jiki mana," in ji kwandasta. "Ko ƙafar ta aro ce?"

"Ta aro ce. Mai ita ma ya ce in lallaɓa ta."

Ya yi dariya ya miƙo hannu. Ba ta kama ba. Ta dafa ƙarfen ƙofa, ta ɗora ƙafar dama a matakala, ta danna cinya, jikinta ya hau. Wata shida baya, sai an jawo ta kamar buhu. Ta zauna kusa da taga tana mayar da numfashi, ba wanda ya san wani abu ya faru.

Tana koyar da kimiyyar halittu a sakandaren 'yan mata. Ajinta yana bene, matakala ashirin da huɗu. Shugabar makaranta ta sha cewa a sauko mata da ajin ƙasa, ita kuma ta sha cewa ɗakin gwaji a sama yake, ba za a raba ta da shi ba. Sandar tana cikin jaka. Ba ta taɓa fito da ita a harabar makaranta ba. Ta hau tana ƙirgawa, ta huta a ta goma sha biyu kamar mai duba allon sanarwa.

Darasi ɗaya gare ta kafin ta wuce asibiti. Kwana goma da suka wuce 'yan aji huɗu sun shuka wake a kwalba biyu, ɗaya a bakin taga, ɗaya a cikin kabad mai duhu. Yau za a fito da su a gwada. Na taga ya yi kore shar. Ta buɗe kabad ta ɗauko ɗayan. Kamata ya yi ta same shi fari fat, dogo, siriri. Sai ta ga ganyensa da ɗan kore, kuma ya karkata ya nufi ƙofa.

Ta ajiye kwalbar a tebur. "Wa ke buɗe kabad ɗin nan?"

Wata ɗaliba ta yi tari.

"Ba duka zan yi ba. Ƙarfin dukan ma babu."

Daga kujerar baya wata doguwa ta ɗaga hannu rabi. "Malama, lokacin hutun tara kawai. Minti goma. Tausayi yake ba ni."

Ajin ya fashe da dariya. Monita ta ce, "Malama, ai mun san amsar, tana shafi na sittin da biyu. Mu rubuta ta littafin kawai mana. Wa zai sani?"

Malama ta dubi waken. Dariya ta taso mata, amma gajiya ta danne ta. Ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi a gaban aji ba.

"Ku rubuta abin da kuka gani," in ji ta. "Ku rubuta an buɗe kabad."

"To gwajin ya lalace ke nan?"

"Ya lalace."

"Kwana gomanmu fa?"

"Sun tafi."

Doguwar ta sunkuyar da kai. Aka kaɗa ƙararrawa.

Sashen da ake binciken yana can ƙarshen asibiti, bayan ɗakin hoton ƙashi. Baranda ce doguwa, benci biyu, da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata. A nan ta fito da sandar. A asibiti kowa da abin da yake dogarawa.

A kan benci ta tarar da Direba. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, da can yana jan babbar mota har ciwon ya sauke shi. Shi ambulan ɗinsa ta ba shi ɗakin motsa jiki. Duk wata suna haɗuwa a layin karɓar magani, kuma daga bakinsa ta kwashi duk abin da take yi a gida, shi bai sani ba. Mutum ne mai son ba da labari: sau nawa ake ɗagawa, sau nawa ake hutawa, yadda ake ƙara nauyi.

"A'a, Malamar jira. Yau dai jira ya ƙare." Ya matsa mata. Ya naɗe hannun riga ya nuna mata damtse. "Duba nan. Matata ta ce in na ƙara wata shida sai ta sake min sabon lale."

"Allah ya sa ta cika alkawari. Mota fa?"

Ya sauke hannun rigar a hankali. "Cinya ta dawo. Amma tafin ƙafar nan har yanzu bai san birki da totur ba." Sannan ya ware. "Ke dai ranar Litinin ki yi sammako. Injin ƙafa na kusa da na'urar sanyi, shi za ki kama. Na bar miki gado. Akwai wata mai koyarwa, gajera, in kin karkace kafin ki kai ƙasa ta cafe ki. Ni da nauyina sau biyu tana tare ni."

Ta leƙa ta gilashin ƙofar da ke fuskantarsu. Ɗakin fari ne tas. Kujeru masu baƙar fata, ƙarafa a jere, sanda doguwa a jikin bango don dafawa. Sanyin yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa yana taɓa mata ƙafar dama. Ta hagun ba ta ji ba.

Sista mai ɗiban jini ta fito da takardu a kan allo. Mace ce mai jiki, ta kusa ritaya, tana kiran kowa ɗana ko 'yata. "Cike min wannan, 'yata, sai in huda ki ki je ki ci abinci. Fuskarki duk ta faɗa."

Tambayoyi goma ne. An canza miki magani? A'a. Ciwon ya taso? A'a. Kin faɗi? Sau biyu. Ta bakwai ta ce: a cikin wata shidan nan, kin fara wani sabon motsa jiki? Akwati biyu, eh da a'a.

Ta sa alama a eh, ta sa hannu a ƙasa, ta miƙa.

Sista ta bi takardar da ido har ta zo ta bakwai. Ta tsaya. Ta dubi Malama ta saman tabarau.

"Biro ya zame miki," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Hannun naku ai haka yake, rawa yake yi. Bari in kawo miki sabuwa."

"Hannuna lafiyarsa ƙalau, Sista. Ƙafa ce ke damuna."

"'Yata, kin karanta takardar da kika sa wa hannu a farko?"

"Na karanta. Har sau biyu."

Sista ta yi ajiyar zuciya, ta mayar da allurar da ta fito da ita cikin tire. "To zo ki ga Dakta. Ni wannan ya fi ƙarfina."

Ofishin Dakta ɗan ƙarami ne, rabinsa firji ya cinye. Ita ce mai binciken, kuma da shi za ta kammala digirinta na uku. Ba za ta girmi Malama da shekara biyu ba. Idanunta sun yi zuru-zuru, ga fakitin biskit a buɗe kusa da kwamfuta. Ta karanta takardar, ta ajiye, ta murza goshi.

"Wane irin motsa jiki? In tafiya ce zuwa kasuwa, ba shi ake nufi ba."

Malama ta fito da littafin shuɗin ta ɗora a tebur.

Dakta ta buɗe. Kwanan wata, nauyi, sau nawa, yadda jiki ya ji bayan an gama, duk a layi da rula. Ta juya shafi, ta sake juyawa.

"Tashi daga kujerar nan ki zauna," in ji ta daga ƙarshe, ta ɗauki agogo. "Hannu a ƙirji. Har in ce ya isa."

Malama ta tashi, ta zauna, ta tashi. Cikinta babu komai, ɗakin yana ɗan juyawa. Da daƙiƙa talatin ta cika Dakta ta duba fayil.

"Farkon zuwanki sau biyar kika yi. Yau goma sha ɗaya." Ta jefar da biro a tebur. "Kin san shekara nawa na yi ina neman mutum ashirin da biyu masu ciwon nan? Biyu. Asibiti-asibiti nake bi. Rukunin jira da mutum goma sha ɗaya na fara. Ɗaya ciwon ya taso mata an kwantar da ita. Ɗaya ya bar gari. Biyu sun daina ɗaukar wayata. Saura bakwai, har da ke."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Duk wata ina kiranki. Me kike ce min? Lafiya lau, Dakta."

"Magani kike tambaya, da faɗuwa. Ba ki taɓa tambayata ƙarfe ba."

"Wannan amsar lauya ce, ba ta malamar kimiyya ba."

Maganar ta shige ta. Gaskiya ne. Ta san abin da take yi tun ranar da ta buɗe akwatin mahaifinta. Ba ta kira ba don ta san za a ce ta bari. Kuma a can ƙasan ranta ta so ta haɗa biyun, ƙarfin da take tarawa a gida da ɗakin sanyin da aka yi mata alkawari.

"Na kasa tashi daga sujada," in ji ta. "Mahaifiyata ce ta ɗaga ni. Shekararta sittin da bakwai. Na duba na ga saura wata biyar, na ce kafin su cika ba za a sami abin ɗorawa a injin ɗinki ba."

Dakta ta kawar da kai ta dubi firjin. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"A manyan bincike da sai a bar ki a ciki, a rubuta abin da ya faru. Namu ƙarami ne. Dokar da kwamiti ya amince da ita ta ce wanda ya karya sharaɗi a cire shi. In an cire ki, sunanki ba ya cikin waɗanda za su shiga ɗakin can ranar Litinin. Ba ni ke riƙe da makullin ba."

Ta jawo aljihun tebur, ta zaro sabuwar takarda, ta ɗora a kan littafin shuɗin.

"Ni ban ga wannan littafin ba. Sista ma ba ta ga komai ba."

"In jinina ya yi kyau," in ji Malama, "kuma kika zuba shi cikin na waɗanda ba su ɗaga komai ba, lissafinki zai nuna masu ɗagawa da masu zama kusan ɗaya ne. Wani likita ya karanta, ya ce wa mara lafiyarsa je ka kwanta."

"Kada ki koya min aikina. Mutum ɗaya cikin bakwai."

"Ɗaya cikin bakwai ba kaɗan ba ne. Ke ma kin sani."

"Na sani." Dakta ta miƙe. "Na kuma san yadda shida take a takarda. Zan je in sha ruwa. Minti biyar."

Ta fita ta ja ƙofa.

Firjin yana gurnani. A cikinsa akwai jinin mutum ashirin da biyu, har da nata na wata shida baya, a 'yar kwalba mai lamba. Malama ta ɗauki biron. Takardar fara ce, akwatunan babu komai. Ta cike ta ɗaya, ta cike ta biyu. Ta tuna hannun Inna a ƙarƙashin hammatarta, da ƙarar da bayan tsohuwar ya yi. Ta tuna gajeriyar mai koyarwa da ke cafe mutum kafin ya kai ƙasa. Ba wanda zai mutu don alama ɗaya. Dakta ma so take. Sista ma so take. Ta kai ta bakwai, ta ɗora bakin biron a kan akwatin a'a, har ya bar ɗigo.

Ta daɗe a haka. Ba wani tunani mai girma ne ya zo mata ba. Gani kawai ta yi ba za ta iya hawa matakala ashirin da huɗu gobe ta tsaya gaban monita ba. Ta ajiye biron, ta ninke sabuwar takardar biyu, ta tura ta gefe, ta dawo da ta farkon sama.

Da Dakta ta dawo ta duba tebur, ba ta yi mamaki ba. Ta zauna kamar an zare mata laka.

"Shi ke nan."

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji Malama. "Ki ɗebi jinin duk da haka. Ba don takardarki ba. Ina so in san ko abin da na yi ya taɓa garkuwar, ko tsoka kawai na tara ita tana can tana cina."

"Ba zan iya ba. Kayan gwajin a ƙirge suke, na waɗanda ke ciki ne. Ko da na ɗiba ma, jinin mutum ɗaya ba ya faɗin komai. Yau ya hau, gobe ya sauka, mura ma tana motsa shi. Shi ya sa nake neman mutane da yawa." Ta ɗan murmusa, murmushin gajiya. "Wasu da suka yi irin wannan binciken sun ga alamun kumburi sun ragu a jini. Wasu ba su ga komai ba. Ni ma amsar nake nema. Ke kuma kin rage min hanya."

"Ki yi haƙuri."

"Ban yi ba tukuna. Sai nan gaba." Ta jawo littafin shuɗin ta sake buɗewa, ta bi kwanakin da yatsa. "Kullum kike yi? Babu ranar hutu?"

"Babu."

"Shi ya sa kike tafiya kamar wadda aka daka. Kwana biyu a sati, in ya yi yawa uku. A ranar hutu tsoka take ginuwa. Kujerar ki jingina ta da bango. Mai kilo biyar ɗin nan kada ki ƙara goya shi sai da mutum tsaye a bayanki, hannunsa a ƙugunki. Faɗuwa biyun nan da shi kika yi, ko?"

"Da shi ne."

"Akwai mai tsaya miki?"

Malama ta karɓi littafin ta sa a jaka. "Akwai."

Dakta ta turo mata fakitin biskit. "Ci. Azumin ya ƙare, ba mai huda ki."

A baranda Direba yana zaune da auduga a lanƙwashe a gwiwar hannu. "Sai Litinin, Malama. Kusa da sanyi, kada ki manta."

"Ba zan manta ba," in ji ta. Ba ta da ƙarfin yi masa bayani.

Bas ɗin komawa a cike take, rana tsaka. Ta tsaya riƙe da ƙarfe tasha uku kafin wata mata ta lura da sandar ta ba ta wuri. Idon daman ya rufe kusan gaba ɗaya. Daga tasha zuwa gida tafiyar minti biyar ce, ta yi ta a ashirin, ƙafar hagu tana jan ƙasa, bakin takalmin yana kartar kwalta.

Inna tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ta zo ta kama hannun 'yarta, ta ture mayafin, ta duba gwiwar hannun dama, ta duba ta hagu. Babu auduga, babu filasta.

Ta saki hannun. Ta shiga kicin ta zubo shinkafa ta ajiye mata, ta koma ta ci gaba da ninke kaya. Malama ta ci a hankali, cokali yana yi mata nauyi. Sai da ta kusa gamawa Inna ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"An cire ki."

"An cire ni."

"Jinin fa? Sun ce abin nan ya lafa?"

"Ba su ɗiba ba. Ba za a sani ba."

Inna ta ninke zani, ta sake warwarewa, ta sake ninkewa. "To me kika samo?"

"Ta ce kwana biyu a sati ya isa. In jingina kujera da bango." Ta tsaya. "Kuma sai da mutum a bayana, ya riƙe ƙuguna."

Tsohuwar ta juyo ta dube ta.

"Wato ke kin riƙe gaskiyarki, ni kuma in riƙe ƙugunki."

"Inna…"

"Wace rana da wace rana?"

"Litinin da Alhamis."

Inna ta ajiye kayan. Ta shiga ɗakin Malama, hannu ɗaya dafe da bayanta, ta jawo kujerar katakon tana kartar siminti har ta haɗa ta da bango. Ta girgiza ta ta ga ta zauna daram. Sannan ta fito ta wuce ɗakinta, ta saki labule.

Malama ta zauna da kwanon a cinya. Ranar Litinin mutum shida za su shiga ɗakin sanyi, ba ta cikinsu. Dakta za ta rubuta takardarta da gurbi a ciki. Abin da wata biyar na nishi ya yi wa garkuwar jikinta, ba za ta taɓa sani ba. Abin da ya rage mata duwatsun awo uku ne, da safa, da kujera a jikin bango, da tsohuwa mai shekara sittin da bakwai da ciwon baya, wadda za ta tsaya a bayanta duk Litinin da Alhamis, ta tare ta in za ta faɗi.